Shin Mutum Ɗaya Ne?

A ofishin safiyo, duk wanda kwamfutarsa ta yi masa gardama wajen Auta yake zuwa. Ba aikinsa ba ne. Aikinsa shi ne ya zana iyakar filayen mutane, sannan ya zauna ya sha zagi idan iyakar ba ta yi musu ba. Amma ya taɓa gyara firintar oga ta hanyar kashe ta da sake kunnawa, tun daga ranar aka naɗa shi masani, shi kuma bai yi musu ba. Har zaure ya buɗe a waya, inda yake aika wa abokan aiki shawara duk ƙarshen mako: yadda za ka rage nauyin hoto ba tare da fuskar matarka ta koma kamar an shafa mata laka ba, yadda za ka kori hotunan da suka maimaita kansu, da dalilin da ya sa ba a sa wa folda suna "sabo", domin nan da 'yan watanni za ka tarar da "sabo", da "sabo na biyu", da "sabo na gaske". Mutum biyu ne ke karantawa, ɗayansu kuma babban yatsa kawai yake turowa, ko da sanarwar rasuwa ce.

Sunan Auta daga gida ya biyo shi. Furfura ta ci rabin kansa, 'yarsa tana jami'a, amma har yanzu shi ne ƙarami a ɗakinsu, ba a kuwa yi wa wannan muƙami ritaya. Babbarsu Yaya ce, nas ce a wani gari mai nisa. Mai bi mata shi ne Kyaftin, wanda ya samo sunansa a filin ƙwallon makaranta, ya rasu yana saurayi bayan wata rashin lafiya da ba ta ba kowa lokacin shiri ba. Shi da Auta sun yi kama ƙwarai, amma mutane ba su taɓa rikita su ba, domin idan Kyaftin ya shigo ɗaki kowa yana sani, idan kuwa Auta ne sai a ci gaba da hira.

Mama tana zaune a gidan Auta, a ɗakin ƙasa mai taga ta fuskar titi. Ta yi rayuwarta tana buga tafireta a ofis, ta fito da ɗabi'a guda: ta fi yarda da abin da aka buga fiye da abin da aka faɗa. A zamanin ƙarfinta, idan ka ce mata ana ruwa sai ta duba jarida. Yanzu mantuwa ta kama ta. Sunaye ne suka fara zubewa, sai fuskoki suka bi bayansu, amma karatu bai tafi ba. Da likita ya ce a riƙa nuna mata hotunan iyali, Auta ya ga ranar da iliminsa zai yi amfani ta zo. Ya sayo ƙaramin allon hoto mai lantarki, ya kafa shi a kan durowar da ke fuskantar gadonta, ya haɗa shi da kwamfutar falo. Hotuna suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, a ƙarƙashin kowace fuska kuma suna yana fitowa da manyan baƙaƙe. Da safe Mama takan zauna ta yi bita kamar mai shirin jarrabawa. Idan ya shigo da shayinta, sai ta dubi allon, ta dube shi, ta ce, "Auta."

Ba ta ƙara komai a kai. Shi ma bai nemi ƙari ba. Tun yana yaro abin da yake samu ke nan, ya kuma san mutanen da ko wannan iyayensu ba sa iya ba su yanzu.

Wata Lahadi da rana ya zauna shigar da sauran tsofaffin hotunan da Yaya ta aiko a kwalin takalmi. Ya bi su da sikana ɗaya bayan ɗaya, manhajar hotunan da ke kwamfutar kuma ta shiga aikinta na tara fuskoki. Idan ta yi shakka, sai ta jero fuska biyu ta tambaya: "Shin mutum ɗaya ne?" Ta nuna Malama, matarsa, da gilashi da kuma babu gilashi. Eh. Ta nuna Yaya a siririyarta da Yaya ta yanzu. Eh, ko da yake Yaya da kanta za ta musa. Tambayoyin suka yi yawa, yatsansa ya saba da wurin.

"Injiniya!" Malama ce daga kicin. Haka take kiransa idan tana son aiki, ko tana son tsokana, sau da yawa duka biyun. "Gas ya ƙare. Ko shi ma kashewa za a yi a sake kunnawa?"

"Ina zuwa."

"Tun ɗazu kake zuwa."

Ya danna eh, eh, eh, ya miƙe ya ɗauki tukunyar gas. Daga baya ya yi ta ƙoƙarin tuna fuska biyun ƙarshe da ya gani a allon. Abin da ya iya tunawa kawai shi ne duka biyun suna kallonsa.

Ranar Litinin ya shiga da shayi kamar kullum. Mama ta dubi allon. Hotonsa ne na bara, a bakin ƙofar ofis, da tumbinsa da furfurarsa. Ta dube shi. Sai fuskarta ta buɗe irin buɗewar da bai gani ba tun yana ɗan makaranta, a lokacin ma daga gefe yake ganinta, domin ba shi ake yi wa ba.

"Kyaftin! Kai, ɗan nan, ina ka shiga haka? Zo nan. Ajiye kofin, zo nan."

Ta kama kansa da hannu biyu, ta shafa furfurar, ta yi dariya.

"Dubi yadda ka tsufa, ko kunya ba ka ji. Ka ci abinci?"

Ta kafaɗarta ya hango allon. A ƙarƙashin tumbinsa da furfurarsa, da manyan baƙaƙe, an rubuta KYAFTIN.

"Mama, ni ne Auta."

Ta sake shi a hankali. Ta dubi allon, wanda ya riga ya wuce zuwa hoton ɗaurin aurensa, sunan kuma bai canza ba.

"Kada ka yi mini wasa da wannan," ta ce. "Na san ɗaya ya rasu. Ban manta ba. Allah ya jiƙan Auta."

Ya makara zuwa ofis ranar. Abin da ya faru a fili yake: manhajar ta haɗe fuskarsa da ta Kyaftin, ta riƙe sunan wanda ya fara bayyana a hotuna, ta yar da ɗayan. Yanzu a cikin kwamfutar akwai mutum guda da aka haifa kafin Auta, ya buga ƙwallo, ya ɗaga kofi, ya karanta safiyo, ya auri Malama, ya yi tumbi. Rayuwa ce mai kyau, ta fi ta kowannensu. Ya nemi maɓallin warwarewa, babu. Masu manhajar sun yi tanadin mutum ya haɗa, ba su yi tunanin zai yi nadama ba. Ya tuna da ajiyarsa ta biyu, faifan da ya sha yi wa abokan aiki wa'azi a kansa, wanda ya saita ya riƙa kwafe komai da kansa ba sai an tuna masa ba. Faifan ya yi biyayya. Ya kwafe kuskuren tsaf, ya shafe na da.

Hanya ɗaya ta rage: ya bi hotunan da hannu, ya cire nasa daga na Kyaftin. Na bayan rasuwar ba su da wuya, ko da yake duk wanda ya cire, washegari sai ya tarar manhajar ta mayar da shi, tunda an riga an koya mata cewa wannan fuskar ta Kyaftin ce, ita kuwa ba ta mantuwa. Na ƙuruciya ne suka tsayar da shi. Yaro a kan keke. Yaro da kayan makaranta a gindin bishiya. Yaro yana dariya, haƙori ɗaya babu. Da can yana kallon su ya san wanne ne shi, kamar yadda mutum yake sanin takalminsa a bakin ƙofa. Yanzu sai ya zura musu ido, su ma su zura masa.

Ya kira Yaya a lokacin hutun rana.

"Wai kai da kake koya wa duniya kwamfuta?" ta ce, bayan ta gama dariya. "To ai da sauƙi. Duba gira. Kyaftin ne mai tabo a girar hagu, inda ya faɗo daga keke."

Auta ya kai hannu girarsa ta hagu. Tabon yana nan inda yake kullum, ɗan layin da gashi ba ya fita.

"Yaya, ni ne na faɗo daga keke."

"Kai? Kai da ko kusa da keke ba ka zuwa? Kana zaune a baranda kana jera murafen kwalba, shi ya shigo jini har wuya. Ni na wanke masa."

"Ni na tuna faɗuwar. A gangaren bayan makaranta. Na tuna ƙarar ƙarfen."

Yana jin hayaniyar asibiti a bayanta, ana kiran wani a lasifika.

"Ka san me," ta ce, muryarta ta sauka, "bar wannan maganar. Jiya Mama ta kira ni da kanta. Da kanta, Auta. Ta yi mini hira har batirina ya kusa mutuwa. Rabon da in ji ta haka tun kafin... Kai dai ka bi a hankali. Muryarka ma ta canza, mura kake yi?"

Ba ya mura.

A gida kuwa Mama ta warware kamar an yi mata sabon jini. Tana cinye abincinta. Ta sa an ciro mata zannuwan da ta daina ɗaurawa. Da yamma takan jingina da taga tana jiran dawowarsa, abin da ba ta taɓa yi wa Auta ba, domin Auta ba ya makara, ba a kuwa jiran mutumin da ba ya makara. Tana ajiye masa rabin lemonta a ƙarƙashin faranti. Shi kuma yana sha. Me zai yi, ya zubar?

"Tun yaushe ka fara fito?" Malama ta tambaye shi wata safiya, yana saukowa daga bene.

"Wane fito?"

"Wanda kake yi yanzu. Tun da na aure ka ban taɓa jin ka yi fito ba. Kuma bibbiyu kake taka matakala, da wannan gwiwar taka." Ta ƙare masa kallo, ba da fushi ba, shi ne ma abin da ya fi damunsa. "Ban ce ka daina ba."

Ranar ya yanke shawara. Tunda ba a raba su, to a sauya sunan gaba ɗaya. Ya buɗe manhajar, ya goge KYAFTIN, ya rubuta AUTA. Yanzu Auta ne ya ɗaga kofi, Auta ne a tsakiyar 'yan ƙwallo da ƙafa ɗaya a kan ƙwallon. Ya ji ɗan daɗin da bai yi niyya ba.

Washegari ya shiga da shayi. Mama ta riga ta tashi, tana zaune a bakin gado, ta ƙura wa allon ido. Ba ta juyo ba.

"Mama, ina kwana."

Ta dube shi kamar yadda ake duban mai karanta mitar wuta.

"Bawan Allah, wa ya ba ka izinin shigowa ɗakin mace?"

"Ni ne Auta. Ga shi a rubuce."

"Na ga abin da aka rubuta. Hotunan mamaci ne, Allah ya jiƙansa. Tun asuba nake kallo, shi kaɗai ke wucewa." Ta nuna allon da yatsa. "Ina Kyaftin? Me kuka yi masa? Jiya yana nan."

Ba ta sha shayin ba. Ba ta ci na rana ba. Da Malama ta kai mata na yamma, ta tarar ta juya fuska bango, ta lulluɓe har ka, ƙafafunta sun yi sanyi. Kwana biyu ana haka. Yaya ta kira ta ce idan ba ta sha ruwa ba zuwa gobe a kai ta asibiti a ɗaura mata, sannan ta ƙara da wasu kalmomi game da masu ilimin da ba ya amfanar kowa.

A rana ta uku ya dawo daga ofis da wuri, da niyyar ya zauna ya yi tunani. Tun daga ƙofa ya jiyo dariyar Mama da ƙarar cokali a faranti. Ya leƙa. Allon yana nuna shi a bakin ofis, a ƙasa an rubuta KYAFTIN.

Ya sami Malama a kicin.

"Ke kika mayar?"

"Ni? Ni da ko kalmar sirrinka ban sani ba? Na ɗauka kai ne ka ji tausayinta kafin ka fita." Ta ci gaba da yanka albasa. "Ko ma wane ne, Allah ya yi masa albarka. Ta ci faranti guda ta nemi ƙari."

Ya je falo ya zauna gaban kwamfutar. Ba kalmar sirri yake sawa ba, fuskarsa take dubawa ta buɗe, wata dabara da ya taɓa rubuta dogon bayani a kanta. 'Yar fitilar kyamara ta kawo, ta dube shi, ta buɗe ba tare da jinkiri ba. A tsakiyar allon ta rubuta: "Barka da dawowa, Kyaftin."

Akwai bayani, ya gaya wa kansa. Manhajojin kamfani ɗaya ne, suna karɓar suna daga juna. Allon ɗakin Mama ma yana iya mayar wa kwamfuta tsohon suna idan intanet ta yanke ta dawo. Bayani ne mai kyau, da wani ne ya kawo masa matsalar da shi zai sallame shi. Ya buɗe jerin mutanen da ke cikin manhajar. Ga Mama, ga Yaya, ga Malama, ga 'yarsu, har da wani maƙwabci da ya faɗo cikin hoto bisa kuskure. Ya rubuta "Auta" a wurin nema. Manhajar ta ce ba ta san wannan mutumin ba, ta tambaya ko yana so ya ƙirƙire shi.

"Kyaftin!" Mama ce. "Na ji shigowarka. Zo."

Rana ta yi sanyi, hasken taga ya kwanta a kan gadonta. Ta matsa masa wuri, ya zauna. Ta riƙe hannunsa, ta daɗe tana juya shi kamar tana neman wani abu a tafin.

"Ina so in tambaye ka, kada ka ɓoye mini. Kaina ya zama rariya. Na san Auta ya rasu, amma na rasa yadda aka yi. Ina ta nema, babu. Ina wurin?"

Ya buɗe baki. Ya ga dama ce, wataƙila ta ƙarshe, ya kuma yi niyyar amfani da ita.

"Mama, dube ni da kyau. Ba allon ba, ni. Ni ne Auta. Ban mutu ba. Ni nake kawo miki shayi kullum."

Ta dube shi da kyau, kamar yadda ya ce. Ta daɗe. Sannan ta shafa tabon girarsa da babban yatsa.

"Kai ma kana kewarsa," ta ce. "Na sani. Ni ban yi masa adalci ba, ka san haka? Yaron nan bai taɓa ba ni wahala ba, shi ya sa ban taɓa juyawa na dube shi ba. Kai ne mai faɗuwa, kai ne mai zazzaɓi, kai ne ake kira makaranta a kanka. Shi yana gefe yana jera kayansa, ƙanana a nan, manya a can. Idan na dawo daga aiki yakan tsaya a bakin ƙofa da littafinsa a buɗe, yana so in gani. Sai in ce, anjima. Kullum anjima." Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba. "Da zan same shi yau, da na zaunar da shi a nan inda kake, in ce nuna mini. Duk abin da ka jera, nuna mini, ba na sauri. Wallahi a cikinku babu wanda ya kai shi shiga raina, sai da ya tafi na sani."

Auta ya dubi hannunsa a cikin nata. Tun yana tsayawa a bakin ƙofar nan yake jiran wannan magana, ga ta kuma ta iso cikakkiya, ba a rage komai ba. Ya lura da sharaɗin da ta zo da shi. Idan ya ci gardamar, ya tabbatar mata shi ne, gobe zai koma mai kawo shayi, a dubi allo a dube shi a faɗi sunansa, ita kuma ta sake binne Kyaftin, a wannan shekarun, da wannan jikin.

"Ya sha wahala?" ta ce. "Gaya mini."

"Bai sha ba," ya ji bakinsa ya faɗa. "Kina wurin, Mama. Kina riƙe da hannunsa."

"Alhamdu lillahi. Ci gaba."

Ya ci gaba. Ai ya san labarin, yana tsaye a gefen gadon ranar da Kyaftin ya cika, sunaye kawai zai musanya. Ya ba ta ɗakin asibitin, da koren labule, da ƙarfen da aka rataya ledar ruwa. Maganar tana fita sumul, ba ya ko laluben kalma. Ya ba ta warin maganin wanke ƙasa. Ya ba ta fankar sama mai fiffike ɗaya a lanƙwashe, da tsagar silin da ta yi kamar iyakar fili, yadda take tafiya daga kan fitila zuwa kusurwa. Sai ya tsaya, domin ya lura daga inda yake ganin silin ɗin. Mutumin da ke tsaye a gefen gado ba ya ganin silin haka. Ya nemi tunanin tsayuwarsa, nauyin ƙafafunsa a kan tayil, ƙarfen gadon a hannunsa, bai samu ba. Abin da ya samu shi ne filo a ƙeyarsa, da sanyi yana hawowa daga yatsun ƙafa, da fuskar Mama a sama tana kallonsa, shi kaɗai, ba ta sauri. A bayan kafaɗarta kuma wani saurayi mai irin fuskarsa yana tsaye, da lafiyarsa, yana kallon agogo.

"Sai me?" Mama ta ce, ta matse hannunsa. "Kyaftin, sai me ya faru?"

"Sai ya rufe ido," ya ce.